Matalon da Na Ɓoye a Madafa

Zuwa ga yayana Lawali, ɗan marigayi Malam Abdu na Tasawa, a duk inda wannan takarda ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kana samun abin sawa a baki da wurin sa haƙarƙari. Mu nan gida lafiya lau, alhamdu lillahi. Inna lafiya, in ban da ciwon gwiwar nan da ka sani. Damina ta yi kyau bana, gero ya nuna, a ƙauyen Kona har an sa hannu a girbi. Ni ce ƙanwarka Ramatu.

Ka ga na rubuta sunanka ƙarara a sama. Kada ka ce na yi rashin kunya. Na sa takardar a shafina na intanet ne don duk wanda ya san ka a can arewa ya gani ya nuna maka, kuma ba wanda zai gane ka in na ce Yaya kawai. A rubuce ma sunan ya yi mini nauyi. Abin da ya faru ranar Talata ne ya zaunar da ni rubutun nan.

Tun saƙon muryar da ka aiko mini daga bakin teku ba mu sake jin ɗuriyarka ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ga ta tana wucewa. Masu dawowa daga can kowa da nasa labarin. Wani ya ce ya ji ka shiga jirgi, wani ya ce kana tsare, wani kuma ya rantse ya ga mai kama da kai yana aikin gini. Baffa Idi, ƙanen Baba, yakan taso daga Kona ya zauna a zaure ya aika a kira Inna. Maganarsa ɗaya ce kullum, a yi maka addu'a da sadaka irin wadda ake yi wa wanda ya riga mu gidan gaskiya. Ba mugunta ce ta sa shi ba, ka san halinsa. Shi tsoronsa kada a ce ka tafi tuntuni mu kuma mun bar ka ba ko addu'a. Inna takan saurare shi har ya gama, ta ce, "Ku bari tukuna." Daga nan ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar wurin da ta riga ta share.

Wannan "ku bari tukuna" na jingina da ita duk tsawon lokacin nan. Muddin Inna tana faɗinta, a wurina kana da rai. Ranar Laraba da safe ta daina faɗinta, Yaya. Abin da ya jawo haka kuwa, ko na rantse maka da ƙyar za ka yarda, wasanka ne na jiragen ruwa.

Ka tuna shagonka na bakin tasha, inda kake sa wa mutane caji kana tura musu waƙoƙi a waya. Ka tuna ordinater ɗin, kwamfutar nan da ke kusurwa, da wasan nan na jiragen yaƙi na zamanin da, masu igwa da manyan ƙyallayen da iska ke turawa. Direbobi sukan leƙo su yi maka dariya, wai mutumin da bai san ruwan da ya wuce tabkin bayan gari ba shi ne yake yaƙi a teku. Ni ma na taya su, ban ɓoye ba. Nakan kawo maka abinci daga gida in tarar da na jiya ko buɗe shi ba ka yi ba.

Ba abokan gaba ne suke ba ka haushi a wasan ba, naka mutanen ne. Matalo kake ce musu, wato ma'aikatan jirgin da na'ura ke tafiyarwa. Sai jirgi ya kama da wuta, matalo yana tsaye dab da ita da bokiti a hannu, ba zai motsa ba sai ka danna shi ka danna wutar. Kafin ka gama danna na igwa, na igiya sun saki baki suna kallon sama. Kafin ka dawo kansu ruwa ya cika jirgi. Na sha jin ka kana cewa, "In ni am mai gona, da na sallame su tun kahin hantsi."

Da wani ne da ya canza wasa ya huta. Kai kuwa ka shiga neman yadda ake buɗe cikinsa, kana bin bayanan da mutane suka zuba a intanet da faransanci, har ka iya sa masa dokokin da ba a haife shi da su ba.

Dabararka ta farko daga gonar Baffa ka ɗauko ta. Shekarar da ya kira gayya muka je Kona gaba ɗaya, aka ba ka hauya, sai ga ka tsaye a bakin gona ka zuba wa makaɗi ido kamar ba ka taɓa ganin ganga ba. Baffa ya yi ta faɗa, wai ɗan birni ya zo cin tuwon gayya bai zo noma ba. A hanyar dawowa cikin mota ka dame ni da surutu. Ka ce in duba, ba wanda ya bi manoman nan ɗaya-ɗaya yana nuna musu inda za su sa hauya. Makaɗi ya ɗaga kiɗa su ɗaga hannu, ya sassauta su sassauta. "Kiɗa guda, kowa ya san aikinai," ka ce. Ka koma Kona takanas ka ɗauki sautin gangar a waya, ka sa shi a wasan. Kiɗan cika igwa daban, na juya jirgi daban, na gudu daban. Ran da na fara jin gangar gayya tana tashi a tsakiyar teku, dariya na yi har na riƙe ciki. Amma fa jirgin ya daina nutsewa.

Ta biyun kuma abokinka Buba ya ba ka, Bafulatanin nan na wajen Attantane da yake ajiye wayarsa a wurinka ranar kasuwa. Ya daɗe a bayanka yana kallon kana fama, sannan ya tambaye ka wace ce uwar garke a cikinsu. Ya ce shi bai taɓa korar shanunsa ɗaya-ɗaya ba, da guda yake magana, sauran su bi ta. Ka raba matalo kashi-kashi, masu igwa, masu igiya, masu gyaran katako, kowane kashi da babbansa. Don sakayya ka naɗa Buba babban masu igiya, mutumin da ko a mafarki bai taɓa ganin jirgin ruwa ba. Ka ɗauki muryarsa yana cewa "To, kapiten," yana ƙunshe dariya. Har yanzu dariyar tana nan a ciki, in an saurara da kyau ana jin ta.

Sai dokar wuta. Ka sa duk matalon da ya ga wuta tana ci ba mai kashewa, ya bar abin da yake yi ya nufe ta, ko kapiten bai ce uffan ba. Ka ce wanda ya ga gobara ya tsaya jiran izini ba biyayya yake yi ba, sakarci ne. Ka riƙe wannan dokar a ranka, don za ta dawo.

Wadda muka yi rigima a kanta ita ce ta suna. A ainihin wasan, in mutum ya faɗa ruwa lamba ce kawai take raguwa a gefen allo. Wannan ya tsaya maka a rai. Ka ba kowane matalo suna, ka bi abokanka kana ɗaukar muryoyinsu, ka haɗa mikro, abin maganar nan. Ka sa in mutum ya faɗa ruwa hayaƙi ya rufe masa ido, bai san inda jirgi yake ba, sai kapiten ya kira sunansa da baki sannan ya juyo ya yi iyo ya kama igiya. In ba a kira ba ya nutse, kuma ba ya dawowa ko an kashe wasan an sake kunnawa. Na ce maka wannan mugunta ce, ka sa maɓalli mana, mutum ya danna ya huta. Ka ce, "Ba a ceton mutum da yatsa. In kina son shi, kira shi."

Matalo na ƙarshe ka sa masa Lawali, da muryarka. Na tambaye ka don me mai jirgi zai mai da kansa ɗan aiki. Ka ce kapiten taswira yake kallo, kai kuwa teku kake son gani. A lokacin na ɗauka zancen wasa ne.

Na san ka rubuta dabarun nan da faransanci a zauren masu wasan na intanet, don ka nuna mini. Wasu sun yi maka ba'a, wani kuma daga wata ƙasa mai nisa ya tambaye ka mece ce gayya. Ka yini kana rubuta masa bayani, fuskarka kamar an yi maka albishir.

Bayan tafiyarka aka rufe shagon. Na kwaso ordinater ɗin na kawo ɗakinka, ina buga wa mutane takardu da shi. Na daɗe ban taɓa wasan ba. Wata rana da bazara, aiki ya yi sauƙi, na ce bari in leƙa. Ina dannawa sai na ji, "Na'am, kapiten," daga lasifika, da muryarka sak, har da ɗan shaƙewar nan ta mura da ba ta rabuwa da kai. Ban san lokacin da na fizge wayar wuta daga bango ba. Na zauna a ƙasa ina kallon ƙofa, don wallahi na ɗauka za ka shigo.

Kashegari na sake kunnawa. Haka na zama kapiten.

Kuma bari in gaya maka, na fi ka iyawa. Ni ba na shiga tsakiyar jirage uku don a ce jarumi ne. Na kuma gano maka kurakurai. Kiɗan gudu da na juya jirgi sun yi kama da juna, in hankali ya tashi sai mutum ya buga wannan a wurin wancan. Dabarar Buba ma tana da rami, in babban kashi ya mutu sai mutanensa su tsaya cirko-cirko kamar garken da uwarsa ta faɗi. Da ka sa wa kowane babba mataimaki. Ni ban iya buɗe cikin wasa ba, don haka duk abin da na gano sai in ajiye a raina in ce in Yaya ya dawo.

Abu ɗaya na iya canzawa, wato wurin aikin kowa. Ranar farko na cire ka daga wurin igwa na tura ka madafa, can ƙasan jirgi inda harsashi ba ya kaiwa. Kai da ko ruwan zafi ba ka iya dafawa, ka zama kukun jirgi. Na yi asarar matalo da dama tun daga lokacin, wasu ma na kira su ban yi sauri ba. Kai dai ko ƙwarzane ba ka taɓa yi ba. In na gama yaƙi nakan leƙa madafa in danna ka don kawai in ji "na'am".

Inna ta sani. Ba ta taɓa tambayata ba, amma da zarar ta ji ganga sai ta jawo tabarma gefen ƙofar ɗakin da faifan wakenta, wai nan ya fi inuwa. Inuwar da ta yi shekara da shekaru a gidan ba ta gano ba sai yanzu.

Saboda masu karantawa da ba su san gidanmu ba, bari in tuna maka abin da ka fi ni sani. Kai ne ɗan fari, kuma Inna ƴar da ce, ba ta taɓa faɗin sunanka ba. "Yayanku" take cewa, in ta yi fushi ta ce "wancan". Mai kayan miyan da ke zagayowa unguwa sunanku ɗaya, shekarunsa nawa yana zuwa, har yau "mai tattasai" take kiransa. Ka ba ni labarin ran da aka kai ka lakwal, makarantar boko, mushe malamin aji ya tambayi sunan yaro, ta juya ta kalli maƙwabciyarmu sai da ita ta faɗa. Ran da ka zo na ɗaya a aji ka rugo da gudu ka gaya mata, "to" kawai ta ce ta shige ɗaki, amma a tuwonka na ranar man shanu har yana malala. Ran da za ka tafi ba ta raka ka ko zaure ba. Tana tsaye a bakin turmi, ta ba ka baya, ta ce, "A sauka lahiya." Ni da nake gabanta na ga idanunta, kai ba ka gani ba.

To, ranar Talata bayan la'asar na zauna wasan. Jirage biyu suka rutsa ni a wani matsatsin ruwa tsakanin duwatsu. Harbin farko ya kashe babban masu gyara, mutanensa suka yi tsaye kamar yadda na gaya maka. Wuta ta kama a saman jirgi. Ina ta fama da masu igwa, sai na ga wani matalo ya fito daga ƙasa da bokiti, yana gudu wajen wutar. Na duba sunan da ke saman kansa. Yaya, kai ne.

Na manta da dokarka. Na yi ta ɓoye ka, ashe kai da kanka ka rubuta abin da zai fito da kai. Ban gama fahimta ba harbi na biyu ya farfasa katakon gefen, na ga ka yi sama ka faɗa ruwa.

Na jawo mikro na ce Yaya. Na sake cewa Yaya, Yaya. Na'urar ba ta san wani Yaya ba. Na buɗe baki in faɗi sunan, harshena ya ƙi. Ba kunya kaɗai ba ce, ko da yake ban taɓa kiranka gatsal ba tun da na fara magana. Tsoro ne ya hana ni. Na ga in na kira ba a amsa ba, shi ke nan, abin da nake gudu tun bara ya tabbata a gaban idona. Kanka yana nutsewa yana tasowa cikin hayaƙi, kana juyawa ba ka san inda za ka nufa ba, ni kuwa ina zaune bakina a buɗe ba sauti.

Ban ji shigowar Inna ba, muryarta kawai na ji a bayana. "Mi ya same shi?" Na ce ya faɗa ruwa. "Mi aka yi in an faɗa?" Na ce sai an kira sunansa.

Ta miƙo hannu ta karɓi mikro ɗin. Ta riƙe shi dab da baki kamar ludayi. Da farko ƙasa-ƙasa ta faɗa, ni kaina da ƙyar na ji, na'urar ba ta ɗauka ba. Sai ta ja numfashi ta kira ka da irin muryar da ake kiran mutum daga wancan gefen gona. Lawali. Sunanka duka, a bakin Inna, har bangon ɗakin ya amsa.

Ni ban san ka ɗauki wata magana daban don ran da aka kira ka daga ruwa ba, don ban taɓa bari ka jiƙe ba. Sauran matalo "na'am, kapiten" suke cewa. Kai kuwa ka ce, "Na'am. Ga ni nan tahe."

Ka juyo, ka yi iyo, ka kama igiya, ka hau. Ka sunkuya ka ɗauki bokitinka ka koma wajen wutar kamar ba abin da ya faru. Ban san yadda hannuna ya buga kiɗan gudu ba, Allah ya sa daidai na buga, jirgin ya sulale tsakanin duwatsu ya fita.

Ban iya ɗaga ido na kalle ta ba, sai nake jin kamar na ga abin da bai halatta ɗiya ta gani ba. Ta ajiye mikro ɗin a hankali a kan tebur, ta fita. Ashe da za ta tashi faifan ya kife, wake ya watse a ƙofar ɗaki. Ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo tana tsincewa. Muna cikin haka maƙwabciyarmu ta faɗo gidan ko mayafi babu, tana haki tana duba kowane lungu. Ta ji kiran daga gidanta, kuma ta san abu ɗaya ne kawai zai fito da sunan nan daga bakin Inna. Ta ce, "Ya dawo?" Inna ta ci gaba da tsintarta. Ta tsaya, ta tsaya, sannan ta durƙusa ta taya Inna tsintar wake.

Ni a wautata na ɗauka an gama. Na ce yanzu kam Baffa ko zai kwana a zaure Inna ba za ta yarda ba, tunda ta ji muryarka ta ce ga ka nan tafe. Har wani sanyi na ji a raina.

Da safe bayan ta idar da salla ta ce in kira mata Baffa a waya. Na kira, na miƙa mata. Bayan gaisuwa ta ce, "Ku yi abin da ya kamata." Da ta kashe wayar ta ga yadda nake kallonta, ta ce, "Na san na'ura ce, ban haukace ba. Abin da ya tsai da ni, kar ɗan nan shi tahi bai taɓa jin sunanai a bakina ba. Na kira, kuma an amsa."

Ka ji, Yaya. Duk tsawon lokacin nan ina zaton bege ne ya hana ta yarda, ashe nauyin kiran da ba ta taɓa yi ba ne. Wasanka ya sauke mata shi, kuma da hannuna na kunna wasan.

Tun ranar sunanka ba ya yi mata nauyi. Jiya tana kaɗa miyar kuka ta ce Lawali yana son ta da yaji. Yau ta ce in fitar da rigunan Lawali in shanya. Duk faɗa ɗaya sai gabana ya faɗi, don da irin muryar da take ambaton Baba take ambatonka. Na yi shekaru ina burin in ji ta kira ka, yanzu kuwa da za ta koma cewa "wancan" da na yi sadaka.

Baffa ya sa ranar sadakar. Juma'ar da za ta biyo bayan an gama kai gero rumbu, a Kona za a yi. Ka san girbi ba ya jira. Ni kaɗai na rage ban yarda ba, kuma ni mace ce ƙarama a gidan, ba a tambaye ni ba.

Don haka ga tawa dabarar, wadda ta fi ta mataimaki da ta kiɗa muhimmanci, kuma kai da kake ganin ka gama tunanin komai ba ka sa ta ba. A wasan akwai ɗan kwalekwalen da kapiten yake aika mutum ya leƙo gaba. In ya tafi shi ke nan, ba a jin komai sai ya dawo da labari, in bai dawo ba kapiten ya yi ta kallon ruwa. Wannan kuskure ne babba. Kamata ya yi wanda aka aika ya riƙa ɗaga tuta lokaci-lokaci da kansa, ko bai gano komai ba, ko hannunsa wayam. Kapiten ba ganima yake jira ba, so yake ya san mutuminsa yana numfashi.

Na san ka. In kana da rai, abin da ya rufe maka baki bai wuce kunya ba, ka tafi da manyan alkawura ba ka samu abin aikowa ba. Ba mu son komai. Gero ya yi, ina samun aikin buga takardu, ba mu kwana da yunwa. Kai ka ce wanda ya ga wuta kada ya jira izini. To ga wuta a gidanku. Lambar Inna ba ta canza ba, tawa ma haka. In ba ka da abin kira, ko bip ne ka yi, wayar ta yi ƙara sau ɗaya ka kashe, zan gane. In an tsare ka ne, ka roƙi duk wanda zai fita ya riƙe sunan Tasawa da sunan Baba, garin ba shi da girman da saƙo zai ɓata.

In kuwa ɗayan ne, wanda Baffa yake tsoro, ban iya rubuta shi ba tukuna. Ka yi mini haƙuri.

Na sake kunna wasan sau ɗaya bayan abin. Ban mai da kai madafa ba, na ga ɓoyon ba ya tsare mutum. Na hau da kai can saman dogon icen tsakiyar jirgi, wurin mai hange, wanda yake fara ganin tudu kafin kowa. Na bar ka a can na kashe.

Allah ya tsare ka a duk inda kake, a tudu ko a ruwa. In kana cikin ƙunci Allah ya buɗe maka ƙofa, in kana cikin duhu ya haɗa ka da mai nuna maka hanya. Allah ya sa takardar nan ta faɗa hannun wanda ya san fuskarka. Allah ya ba Inna haƙuri, ya saka wa Baffa da alheri a kan niyyarsa, ni kuma ya sa in ji kunya ranar Juma'ar nan, a ce tuwon da aka tuƙa don sadaka ya koma na murna. Amin.

Inna ta kira ka, Yaya, da ƙarfin da duk unguwa ta ji. Na'ura ce ta amsa a madadinka, ta ce ga ka nan tafe. Kada ka mai da ita maƙaryaciya.

Ƙanwarka, mai riƙe maka jirgi har ka zo ka karɓa,
Ramatu, Tasawa.